Wanda na ba hayar VM zai iya fasowa cikin sabar ta hanyar sadarwa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da sabar guda ɗaya a shagona a Aboabo, nan Kumasi, na ɗora mata Proxmox. A kanta akwai VM na wata makaranta mai zaman kanta, da na wani kantin magani, da na wata ƙungiyar susu da ke ajiye lissafin 'yan kasuwa, sai wasu ƙanana da nake bai wa ɗalibai haya suna koyon Linux. Wani abokina ya turo mini labarin cewa ana samun ɓaraka a vhost-net da vsock, wai wanda ke cikin VM zai iya fitowa ya kama na'urar gaba ɗaya. Ni a sanina kowa na ɗakinsa. Da gaske ne? In kashe vhost-net ɗin ne? Sannan ba na son sake kunna sabar ɗin, don ta fi shekara tana aiki lafiya da inbata da batura, ina tsoron in taɓa ta ta ƙi tashi."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya uku ka haɗa: ko wanda ke cikin VM, wato kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin sabar, zai iya fitowa ta ɓangaren sadarwa, ko kashe vhost-net magani ne, da kuma batun sake kunnawa da ka ajiye a ƙarshe kamar ƙaramin abu. Amsar ta farko ita ce e, ya taɓa faruwa, ba sau ɗaya ba, kuma zai sake faruwa. Ta biyu tana da tsawo. Ta ukun kuwa ita ta fi damuna, domin sabar da ta shekara ba a sake kunna ta ba tana tafiya ne da kanel na bara, wato zuciyar Linux mai iko da dukkan na'urar, tare da duk kafofin kutse da aka gano aka kuma bayyana wa duniya tun daga lokacin. Bari in bi su a hankali, in fara da yadda abin yake aiki, don in ba ka ga hanyar ba, sunayen nan za su yi ta tsorata ka ba tare da ka san wanne ya shafe ka ba.

Hanyar da fakiti ke bi daga baƙo zuwa waje

Proxmox, manhajar da ke gudanar da VM a kan sabar, ya tsaya ne a kan abu biyu: KVM, ɓangaren da ke gudanar da VM ɗin, wanda ya shiga kanel na Linux a shekarar 2007, da QEMU, manhajar da ke ƙirƙira wa baƙo kayan aikin da yake gani, irin su faifai da katin sadarwa. Zan riƙa kiran VM baƙo, ita kuma sabar ɗin mai masauki. Baƙo ba shi da katin sadarwa na gaske. Abin da yake da shi wani yanki ne na memori da suke tarayya da mai masauki. Idan zai aika fakiti, wato ƙunshin bayanin da ake aikawa ta hanyar sadarwa, direbansa na virtio, tsarin da baƙo ke magana da mai masauki ta cikinsa, yakan rubuta bayani a wani jeri cikin wannan yanki: kayan na nan a adireshi kaza, tsawonsu kaza, ga na gaba. Sai ya ƙwanƙwasa. Wani a ɓangaren mai masauki ya zo ya karanta bayanin, ya ɗauki kayan, ya miƙa su gaba.

Wane ne wannan mai karantawa? A nan zancen yake. Da farko QEMU ne, wato manhaja ce kamar sauran manhajoji, tana zaune a wajen kanel. Amma kai da komo tsakanin QEMU da kanel a kan kowane fakiti yana cin lokaci, shi ya sa a shekarar 2010, a kanel 2.6.34, aka shigar da vhost-net, aikin Michael Tsirkin na Red Hat. Da shi, kanel ɗin mai masauki da kansa ne ke karanta abin da baƙo ya rubuta. Gudu ya ƙaru sosai, nauyin da ke kan furosesa ya ragu. Farashin shi ne, bayanin da wanda ba ka yarda da shi ba ya rubuta da hannunsa yanzu ana fassara shi a wurin da ya fi ko'ina iko a na'urar.

Ka ce kowa na ɗakinsa. Haka ne, amma ka ɗauka gidan haya ne irin namu na Zango, wanda kowane ɗaki ke da taga zuwa ɗakin maigida, kuma ta tagar nan ɗan haya ke miƙa takarda yana cewa a ɗauko masa kaza a kai wuri kaza. Bangon na iya zama na kankare. Idan maigida yana aikata abin da ke takarda ba tare da ya duba ko yana da ma'ana ba, ɗan haya ba ya buƙatar fasa bango.

Daga vhost-net fakitin zai shiga na'urar tap, wato bakin katin baƙo a ɓangaren mai masauki, daga nan gada mai haɗa baƙi da katin gaske, wadda a Proxmox ake kira vmbr0, ya ratsa netfilter, matatar fakiti ta kanel, idan ka kunna katangar tsaro, sannan ya isa direban katin sadarwa na gaske. Duk waɗannan suna cikin kanel ɗin mai masauki, an rubuta su da yaren C, wanda ba ya hana ka rubutu a wurin da ba naka ba a memori. Akwai wani ƙarin abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Don a samu gudu, ana barin baƙo ya miƙa babban dunƙule ɗaya ya ce wa mai masauki ya yanka shi gunduwa-gunduwa da girma kaza, ya kuma lissafa lambar tantancewa a wuri kaza. Waɗannan lambobi ma baƙo ne ke bayar da su. Manhajar syzkaller ta Google, wadda aikinta shi ne ta yi ta jefa wa kanel bayanan shirme dare da rana har wani abu ya karye, ta sha tono kurakurai a daidai wannan wuri.

Abin da ya riga ya faru

Kafar da abokinka yake nufi a vhost-net, ina kyautata zaton ita ce CVE-2019-14835 (CVE lambar da ake bai wa kowace kafar tsaro ce), wadda Peter Pi na Tencent Blade Team ya gano, aka bayyana a Satumbar 2019. Tana da daɗin koyarwa, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Idan ana ƙaurar da baƙo daga wata sabar zuwa wata yana cikin aiki, dole vhost ya riƙa rubuta duk wurin da ya taɓa a memorin baƙon, domin a sake kwafe shi zuwa sabon gida. An tanadar wa wannan rubutu wani ma'aji mai iyaka, bisa zaton cewa yawan abin da za a rubuta ba zai wuce yawan kayan da aka karɓa ba. Sai aka ga idan baƙo ya jera bayanai masu tsawo sifili, ba a ƙirga su cikin kaya, amma ana rubuta su a ma'ajin. Ya yi ta jerawa har ma'ajin ya cika ya malala cikin memorin kanel. Wannan kuskure yana nan tun ranar da aka shigar da vhost-net a 2010, ya shekara tara ba a gani ba, gyaransa kuma bai wuce 'yan layuka ba.

To ka lura da sharuɗɗanta. Sai mai harin yana da cikakken iko a cikin baƙon, wanda ɗalibanka suna da shi tunda root, wato asusun mai cikakken iko, ka ba su. Sannan sai ana cikin ƙaura. Kai sabar ɗaya gare ka, babu inda za ka ƙaurar da kowa, saboda haka wannan kafa ta musamman da wuya ta buɗe a wurinka, kuma duk kanel daga 5.3 zuwa sama yana da facinta, wato gyaran da ya toshe ta. Haka nake so ka riƙa karanta irin waɗannan labarai: wa zai iya taɓa ta, daga ina, sai an cika wane sharaɗi, kuma me zai samu in ya yi nasara. Kanun labari ba ya faɗin waɗannan.

Wadda ta fi kusa da halinka ita ce ta Yulin 2024, CVE-2024-41090 da 'yar uwarta CVE-2024-41091, a tap da tun, na'urar da ke aiki irin na tap. Kowane fakitin Ethernet yana da kai mai bayit 14. A wata hanya da vhost-net ke bi, an manta a duba ko fakitin ya kai wannan tsawon, sai baƙo ya iya turo guntu wanda bai kai ba, ya wuce har direban katin sadarwa, a kan wasu katuna ya kayar da mai masauki. Ba ƙaura, ba wani shiri. Ba a kama na'urar da ita, amma ɗalibi ɗaya zai iya kashe wa makaranta da kantin magani da 'yan susu aiki a lokaci guda. Idan da gaske kanel ɗinka ya tsufa yadda nake zato, ka duba ko ya girmi wannan faci.

Shi vsock labarinsa daban ne, kuma nan ne aka fi ruɗewa. Hanya ce ta magana tsakanin baƙo da mai masauki ba tare da adireshin IP ba. Kafar da ta yi suna a cikinsa ita ce CVE-2021-26708, wadda Alexander Popov ya gano ya kuma gyara a farkon 2021. Tsere ne tsakanin ayyuka biyu: ɗaya ya saki wani wuri a memori, ɗayan yana ci gaba da amfani da shi. Da ita ya nuna yadda mai ƙaramin asusu zai zama root a Fedora 33. Wannan ba fitowa daga VM ba ce. Hawa ne daga ƙaramin matsayi zuwa babba a cikin na'urar da mutum yake. Abin da ya sa ta yi muni shi ne modul ɗin yana loda kansa da zarar kowane mai asusu ya nemi buɗe soket irin na vsock, ko da na'urar ba ta taɓa ɗaukar baƙo ba. An ci gaba da samun irinta a vsock a 2024 da 2025. Amfaninta ga mai hari shi ne ta zama mataki na biyu: ya samu ɗan wurin tsayawa a kan mai masauki ta wata hanya, sannan ya hau da ita.

Kada ka ɗauka ciwon Linux ne kaɗai. A Mayun 2021 Microsoft ta toshe CVE-2021-28476 a vmswitch, gadar Hyper-V, manhajarta ta gudanar da VM, wadda aka ba maki 9.9 cikin 10. A 2018 an fito daga baƙo zuwa ESXi, mai masaukin kamfanin VMware, ta katinsa na vmxnet3. Duk wanda ya gina hanyar da baƙo zai miƙa fakiti da sauri ya gamu da wannan matsala. Google ma tana da gasa mai suna kvmCTF, inda ta sa ladan da ya kai dala 250,000 ga wanda ya fito gaba ɗaya daga baƙo a KVM. Wannan adadi yana gaya maka abu biyu: abin yana yiwuwa, kuma yana da wuya da tsada. Wanda ke riƙe da sabuwar kafa irin wannan ba zai ɓata ta a kan shago a Aboabo ba. Wanda zai zo maka shi ne mai amfani da tsohuwa, wadda an riga an wallafa yadda ake cin ta, kowa na iya saukewa.

In kashe vhost-net?

Ana iya yi. Idan ka hana modul ɗin vhost_net lodawa, karatun zai koma hannun QEMU. Hikimar ita ce, in aka samu kuskure, abin da mai hari zai kama shi ne manhajar QEMU, ba kanel ba. Wannan tunani ne mai kyau, shi Amazon ta bi a Firecracker, manhajarta mai aiki irin na QEMU, wanda ta rubuta da Rust ta kuma bar sarrafa katin baƙo a wajen kanel. Amma ribar ta dogara da yadda aka ɗaure QEMU ɗin. A Ubuntu ko Red Hat masu amfani da libvirt wajen sarrafa baƙi, kowane QEMU yana gudana da ƙaramin asusu, tsarin tsaro na AppArmor ko SELinux na tsare da shi, ko an kama shi ba zai iya taɓa faifan maƙwabcinsa ba sai da wata kafar. A sabobin Proxmox da na yi aiki a kansu, QEMU da root yake gudana. Ka duba naka da umarnin ps. In haka ne, wanda ya kama QEMU ya kama gidan, kuma ka rage gudu ka ƙara wa furosesa nauyi a kan ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Ga shi kuma tap da gada da netfilter suna nan a kanel yadda suke.

Shawarata ita ce ka bar shi a kunne, ka riƙe kashewar a matsayin abin da za ka yi na 'yan kwanaki idan aka sanar da sabuwar kafa a vhost-net kafin faci ya iso ka.

Abin da ba na so ka yi ko kaɗan shi ne ka gudu daga virtio ka koma katunan kwaikwayo, wato E1000 ko RTL8139 da ke cikin jerin zaɓin Proxmox. An gudu ba a tsira ba ke nan. Waɗannan QEMU ne ke kwaikwayon tsofaffin katuna na gaske da duk ƙa'idojinsu masu sarƙaƙiya, kuma tarihinsu ya fi muni. A 2015 an samu CVE-2015-5165 a RTL8139, mai tsiyayar da memorin QEMU ga baƙo, da CVE-2015-7504 a katin PCNET, masu bincike kuma suka haɗa biyun suka fito. A shekarar ce aka gano kafar da aka sa wa suna VENOM, inda aka bi ta na'urar fulofi da babu mai amfani da ita amma tana nan a maƙale tun 2004. Idan kana da baƙon Windows da ke kan E1000 saboda shi ya zo da farko, ka sa masa direbobin virtio ka sauya. Duk wata na'ura da baƙo ba ya buƙata, katin sauti ne ko USB, ka cire.

Vsock kuwa, ka buga lsmod a kan mai masauki ka gani. Wakilin QEMU da Proxmox ke magana da baƙi ta hanyarsa yana bin virtio-serial ne, ba vsock ba. Idan babu abin da ka kafa da kanka mai buƙatarsa, ka hana shi lodawa a cikin /etc/modprobe.d ta hanyar layin install da ke nuna /bin/false, domin layin blacklist kaɗai ba ya rufe kowace hanyar lodawa. Minti biyar ne, ba ka rasa komai ba.

Ɗaliban nan

Ga tambayar da zan so ka amsa wa kanka yau: abin da ka ba ɗalibai VM ne na gaske, ko kwantena ce ta LXC? Proxmox yana da maɓalli biyu kusa da juna, kuma mutane da yawa suna zaɓar kwantena ga ƙananan 'yan haya saboda ba ta cin memori. Kwantena ba ta da kanel nata. Na mai masauki take amfani da shi kai tsaye. Duk bayanin da na yi a sama na jeri da vhost bai ma shafe ta ba, domin babu abin da za ta tsallaka. Ka ɗauki CVE-2024-1086 a nf_tables, wani ɓangare na netfilter, wadda aka toshe a Janairun 2024, aka wallafa cikakkiyar hanyar cin ta a Maris, hukumar CISA ta Amurka kuma ta sa ta cikin jerin waɗanda ake kai hari da su a Mayu. A cikin VM, wanda ya ci ta ya zama root na baƙonsa kawai. A cikin kwantena, kanel ɗin da yake kai wa hari shi ne wanda ke riƙe da kowa. Idan kwantena ce, ka mayar da su VM kafin komai.

Ko da VM ne, ban ji daɗin ganin ɗalibai masu root a na'ura ɗaya da bayanan kuɗin mutane ba. Ba zargin yaran nake ba. Mai koyo yakan sa kalmar sirri mai sauƙi, ya bar SSH, ƙofar shiga na'ura daga nesa, a buɗe, ya sauke abin da ya gani a intanet ya gwada. A aikina nan Accra, kusan duk baƙon da na tarar an kama, ta irin wannan ƙofa aka shiga, mai shi bai ma sani ba, ana haƙar kirifto ko aika saƙonnin damfara da shi. Daga ranar da aka kama shi, wanda ke zaune a sabar ɗinka ba ɗalibinka ba ne. Tsohuwar kwamfutar ofis mai memori gigabayit 16, irin waɗanda ake sayarwa na hannu, za ta ɗauki ɗaliban nan duka. Raba su da sauran ya fi duk wani saiti da zan iya koya maka.

Idan ba hali yanzu, to aƙalla kada su zauna a gada ɗaya. Wannan ba ya ma buƙatar kuskure a kanel. Baƙin da ke kan vmbr0 ɗaya suna jin juna kamar kwamfutocin da ke kan suwic guda, kuma wanda ke da root zai iya yin ƙarya ta ARP, tsarin da na'urori ke tambayar adireshin juna da shi, ya ce shi ne ƙofar fita, zirga-zirgar maƙwabta ta riƙa bi ta hannunsa. Ka ba kowane abokin ciniki VLAN nasa, wato keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa da ba ta haɗuwa da ta wasu. Ka kunna katangar Proxmox a kan katin kowane baƙo tare da tacewar MAC da ta IP, domin kada wani ya ari adireshin wani. Sannan shafin gudanarwa da ke tashar 8006 da SSH na mai masauki kada wani baƙo ya iya ganinsu, balle intanet. Ka tuna abin da ya faru a Fabrairun 2023, lokacin da harin neman kuɗin fansa mai suna ESXiArgs ya kulle dubban sabobin VMware a duniya: ta wata hidima da aka bari a buɗe ga intanet aka shiga, da kafar da facinta ya fito shekara biyu kafin nan.

Batun sake kunnawa

Na fahimci tsoron. Wanda ya ga zamanin dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Ghana, ya tara kuɗi ya sayi inbata da batura don kada na'urarsa ta mutu, ba zai ji daɗin a ce ya kashe ta da hannunsa ba. Amma faci na kanel ba ya aiki sai an tashi da sabon kanel. Kana iya sabuntawa kowane mako, in ba ka sake kunnawa ba tsohon ne ke gudana. Ka buga uname -r ka gwada da abin da aka girka, za ka gani.

Kafin nan ma ka tabbata sabuntawar tana isowa. Proxmox yana zuwa ne a saite da rumbun sauke sabuntawa na masu biyan kuɗi. Wanda bai biya ba kuma bai koma rumbun no-subscription ba, apt, manhajar sauke sabuntawa, zai riƙa ba shi kuskure a kan wannan rumbu, facin Debian, Linux ɗin da aka gina Proxmox a kansa, na shigowa, amma kanel da QEMU na Proxmox ba sa motsi. Na sha tarar da wannan a wurin mutanen da suka rantse suna sabuntawa. Ka kuma duba sigar: Proxmox 7 ya daina samun faci tun Yulin 2024.

Kada ka ce za ka riƙa bin kafofin ɗaya bayan ɗaya kana zaɓar wadda za ka toshe. Tun Fabrairun 2024 masu kula da kanel suka karɓi ikon ba da lambar CVE da kansu, kuma suna bai wa kusan duk gyaran da zai iya shafar tsaro, har lambobin suka kai dubbai a shekara. Matsayinsu, wanda ɗaya daga manyansu, Greg Kroah-Hartman, ya sha nanatawa, shi ne a ɗauki sabuntawar gaba ɗaya. Mutum ɗaya a shago ba zai iya tantance su ba, ni ma ba na gwadawa. Abin da nake yi shi ne in sa rana: sau ɗaya a wata, da dare, abokan ciniki sun sani tun ranar da muka ƙulla yarjejeniya. Makaranta ba ta aiki daren Asabar, 'yan susu sun rufe littafi, kantin magani ne kawai za ka tambaya lokacin da ya fi masa sauƙi. Idan aka sanar da kafar da baƙo ke iya taɓawa kai tsaye, ba na jiran wata ya cika.

Akwai hanyar liƙa faci kanel na gudana, irin su Livepatch na Ubuntu, kpatch na Red Hat da KernelCare. Suna da amfani ga wanda tsayawar minti goma ke jawo masa asara mai yawa, amma ba kowane gyara suke ɗauka ba, yawancinsu na kuɗi ne, kuma ba sa cire buƙatar sake kunnawa, jinkirta ta suke yi. A girman aikinka ban ga dalilinsu ba.

Tsoron kada ta ƙi tashi kuwa gaskiya ne, kuma yana ƙaruwa da kowane wata da ka ƙara. Saitin da ka yi da hannu ka manta ba ka adana ba, faifan da ya gaji, batirin madabod da ya mutu, duk sai ranar tashi suke bayyana. Gara su bayyana a daren da ka zaɓa, kana tsaye a gabanta da allo da kibod, da su bayyana ranar da batura suka ƙare kana Tamale wurin biki. Kafin wannan dare ka yi kwafin kowane baƙo zuwa faifan da ba ya cikin sabar, ka maido da ɗaya a wani wuri ka ga ya tashi, ka duba lafiyar faifai da smartctl, ka kwafe /etc/network/interfaces da /etc/pve. Tsohon kanel ba ya gogewa nan take, yana nan a jerin zaɓin farko, in sabon ya ba da matsala sai ka koma.

Wani abu kuma: sabunta QEMU ba ya shafar baƙon da ke gudana. Ko an sake kunna baƙon daga cikinsa, tsohuwar manhajar ce ke riƙe da shi. Sai an kashe shi gaba ɗaya daga Proxmox an tayar. Ranar da ka sake kunna sabar duka wannan ya zo a ciki, amma in QEMU kaɗai aka sabunta ka tuna da shi.

Ban ga sabar ɗinka ba, kuma abin da na sani da hannu KVM ne, don haka abin da na faɗa kan Hyper-V da VMware daga rahotannin da aka wallafa ne. Sannan duk wannan ba zai tare kafar da ba a gano ba tukuna. Abin da zai rage ɓarnarta shi ne raba ɗalibai da sauran, da kwafin da ke ajiye a wani wuri.

Kada ka manta bayanan da ke kan na'urar nan na mutane ne: sunayen yara da makinsu, maganin da wani ke sha, kuɗin da mai sayar da tumatir ke ajiyewa kullum. Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012, Act 843, ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan nauyin tsare su, ta kuma wajabta a sanar da hukumar kare bayanai da mutanen da abin ya shafa idan aka samu kutse. Hukumar tsaron intanet da aka kafa a ƙarƙashin Act 1038 ta 2020 tana karɓar rahoto ta lambar 292. Idan a binciken da za ka yi ka ga alamar an riga an shiga mai masauki, misali asusun da ba kai ka buɗe ba ko wani aiki da ke cin furosesa ba ka san shi ba, kada ka tsaya gogewa. Ka cire ta daga intanet, ka ajiye kwafin faifan yadda yake, ka sanar da masu bayanan, sannan ka girka komai daga farko. Ka turo mini abin da uname -r da pveversion suka nuna, da amsar ko ɗaliban VM ne ko kwantena, sai in gaya maka wanne za ka fara da shi a daren Asabar ɗin.